Kujerar duba hanya a jirgin ruwa mai tafiya da iska: a bar ta ko a mayar da wurin ma'ajin kaya?

Duk wanda ya taɓa leƙa cikin irin ƙananan jiragen ruwan nan masu tafiya da ƙarfin iska, waɗanda tsawonsu bai wuce mita 9 zuwa 13 ba, ya san abin da ya fi komai tsada a ciki shi ne wuri. Gado a matse, kicin a matse, bayi kuwa sai ka shiga a karkace. To amma da ka sauko daga matakala sai ka tarar da wani lungu guda, yawanci yana kallon kicin, an sa masa tebur mai murfi da 'yar kujera, sama da shi ga rediyo ga allon makunnan wuta ga wasu na'urori a jere. Nan ne mazaunin mai duba hanya, wato wanda aikinsa shi ne ya san ina jirgi yake yanzu, ina ya dosa, kuma me ke gabansa a ƙarƙashin ruwa. Wannan lungun shi ake ta cacar baki a kai tsakanin masu jirage, wasu na cewa zamaninsa ya wuce a cire kujerar a yi loka a huta, wasu na cewa wallahi ko da wasa kar a taɓa ta.

Sai an fara sanin dalilin da ya sa aka yi ta tun farko kafin a yanke mata hukunci. A da, kafin tauraron ɗan adam ya shigo harkar, taswirar takarda ce idon jirgi. Kuma ba 'yar ƙaramar takarda ba ce, cikakkiyar taswirar teku irin ta ofishin taswirar Birtaniya ta kai kusan mita ɗaya a tsawo da santimita 70 a faɗi, shi ya sa yawancin teburan da ake yi a ƙananan jirage girmansu na taswirar da aka ninke biyu ne. Mutum zai zauna da fensir da rula da abin gwada tazara, ya duba kamfas ya ga wace fuska aka bi, ya duba gudun jirgi, ya duba agogo, sannan ya lissafa. Idan jirgi na cin mil 5 na teku a awa, kowane mil kuma mita 1,852 ne, aka yi awa uku ana bin fuska ɗaya, to an ci mil 15, sai ya ja layi ya ɗiga alama, bayan nan kuma ya ƙara lissafin yadda ruwa ke jan jirgin gefe da yadda iska ke tura shi. Aiki ne na zama da natsuwa, ana yinsa dare da rana, wani lokaci duk bayan awa, kusa da gaɓa ma fiye da haka. A wancan zamanin babu mai tambayar amfanin kujerar, ita ce ofis ɗin jirgin gaba ɗaya.

Sai GPS ya zo, wato tsarin taurarin ɗan adam na Amurka da ke nuna wa mutum inda yake. Amurka ta ayyana cewa tsarin ya kammala a 1995, sannan a watan Mayun 2000 ta daina dagula siginar da farar hula ke samu da gangan, kuskuren da a da kan kai mita 100 ya dawo 'yan mitoci kawai. Daga nan fa labari ya sauya. Na'urar da ke nuna taswira a sikirin ta fito, farko ana girke ta a ƙasa wurin teburin, daga baya aka yi wadda ba ta tsoron ruwa aka mayar da ita waje gaban sitiyari, yanzu kuma ko wayar hannunka tana nuna maka jirginka yana tafiya a kan taswira. Hukumomin da ke buga taswirar teku ma sun bi sahu, ta Amurka mai suna NOAA ta sanar a 2019 cewa za ta daina taswirarta ta takarda ta gargajiya, kuma ta kammala janye su wajen ƙarshen 2024. Ofishin Birtaniya shi ma a 2022 ya ce zai daina zuwa ƙarshen 2026, da aka yi ta ƙorafi ya ɗage zuwa aƙalla 2030. Kamfanonin ƙera jirage kuwa tuni suka gano inda aka dosa, sabbin jirage da yawa teburin ya zama ɗan mitsitsi, wani a zame shi gefe ya ɓace a cikin kujerar falo, wani ma babu shi sam.

Don haka masu cewa a cire ba shirme suke ba, kar a raina musu hankali. Kuma buƙatar wurin ajiya gaskiya ce. Ɗauki ƙetare Tekun Atlantika da ake yi duk shekara a ayarin ƙananan jirage da ake kira ARC, daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa Saint Lucia, kusan mil 2,700 na teku, wanda ƙaramin jirgi kan yi wajen mako uku a hanya. Mutum huɗu, kowa ya sha lita 3 a rana, kwana 21, ka ga lita 252 ke nan na ruwan sha kaɗai, ba a zo maganar abinci ba, da kayan gyaran inji, da igiyoyi, da magunguna, da rigunan ruwa. Kuma lungun nan ba ƙaramin wuri mai daraja ba ne, yana tsakiyar jirgi inda nauyi ya fi dacewa ya zauna, yana gindin matakala inda hannu ke kaiwa ba tare da an ɗaga katifar kowa ba, yana maƙwabtaka da kicin. Wanda ke mafarkin ƙarin firij mai durowa, ko wurin rataye jiƙaƙƙun rigunan ruwa da zarar an sauko, idonsa dole ya faɗa nan.

Amma fa akwai lissafin da mutane ba sa yi kafin su ɗauko zarto. Ƙarƙashin kujerar ai dama loka ce a kusan duk jiragen, wasu ma nan batir yake. Cikin teburin dama wurin ajiya ne. Gefe dama akwai durowoyi ko shelf. Abin da za ka samu sabo idan ka cire kujerar shi ne kawai gurbin da jikin mutum ke cikewa, wato inda ƙafafu ke shiga da saman kujera. Ka ce faɗi santimita 55, zurfi 60, tsayi 90, lissafi ya ba ka kusan lita 300 a takarda, kuma da ka cire kaurin katako da lanƙwasar jikin jirgi da hanyar wayoyi da wurin da ƙofa za ta buɗe, abin da zai rage ya yi ƙasa da haka sosai. Ba a ce ba komai ba ne, a ƙaramin jirgi wannan dukiya ce. Amma ba shi ne zai warware matsalar wanda ya cika jirginsa da tarkacen da bai taɓa ba tun shekara biyu. Yawancin jiragen da ake kukan ba wuri, idan aka fito da komai aka baje a kan gadar tasha, sai a ga tsofaffin igiyoyi da gwangwanayen fenti da suka bushe da littattafan na'urorin da tuni aka cire sun cinye fiye da abin da kujerar za ta bayar.

Ni a ganina inda gardamar ke ɓata hanya shi ne da aka mayar da ita rigimar takarda da sikirin. Mutane sai su ce tunda ba a amfani da taswirar takarda to me kujerar za ta yi. Alhali babban aikin kujerar nan bai shafi takarda ba, jikin mutum ya shafa. Jirgin da ke tafiya da iska ba ya tafiya a miƙe, idan iska ta cika ƙyallen da ke tura shi sai ya kwanta gefe guda, digiri 15 zuwa 20 abu ne na yau da kullum idan ana kutsawa wajen da iska ke fitowa, kuma a hakan yana hawa igiyar ruwa yana faɗowa, yana mirginawa, wani lokaci ya buga ƙasa da ƙarfi har haƙoranka su haɗu. Kwatanta ka ce za ka rubuta wasiƙa kana tsaye a bayan babbar mota tana gudu a hanya mai gargada, kuma motar a karkace take. A irin wannan hali mutumin da ke tsaye a cikin jirgi hannunsa ɗaya ba nasa ba ne, na riƙo ne, wani lokaci duka biyun, kuma rabin hankalinsa yana kan kar ya faɗi. Kujerar duba hanya idan an yi ta da kyau, matsattsiya ce da gangan, bayanka ya jingina, gwiwarka ta tokare ƙarƙashin tebur, ƙafarka ta samu abin dannawa, kafaɗarka ta samu bango. Da ka shige ciki shi kenan, hannu biyu sun dawo naka, kai ma ya dawo naka. A yawancin ƙananan jirage babu wani wuri a ciki da ke ba ka wannan in ba gado ba, kuma a gado ba a aiki.

Kuma ka lura da abin da ke kewaye da kujerar. Rediyon VHF, wanda ake magana da wasu jirage da masu ceto da shi, yana nan. Allon makunnai da fiyus yana nan. Mitar da ke nuna ƙarfin batir, ma'aunin nauyin iska da ke nuna canjin yanayi, na'urar AIS da ke nuna manyan jiragen da ke kusa da sunayensu da inda suka dosa, duk nan aka tara su. Ranar da abu ya ɓaci, a ce wani ya ji mummunan rauni ko ruwa na shiga, wanda zai kira neman agaji a tashar rediyo ta 16, wadda aka ware don kiran gaggawa, yana buƙatar hannu ɗaya ya riƙe makirfo, ɗaya ya riƙe biro, ya karanto lambobin inda jirgi yake ba tare da ya juya su ba, ya rubuta abin da masu ceto ko likita ke faɗa masa ta cikin hayaniya. Lamba ɗaya ka kuskure a minti na latitud, wato lambar da ke nuna nisanka arewa ko kudu, mil guda ke nan ka tura masu nemanka wani wuri, idan a gurbin gommai ne kuwa mil goma. Wannan ba aikin da ake yi a tsaye ana lilo ba ne, balle a tsugune gaban ƙofar loka. Haka nan ranar da wuta ta ɗauke a wani layi cikin dare aka buɗe allon ana neman wayar da ta saki, mai gyara yana son wurin da zai zauna da fitila a goshi da sukudireba a hannu.

Akwai kuma maganar gadin dare, wadda sai wanda ya yi tafiyar kwanaki yake ganewa. A doguwar tafiya karɓa-karɓa ake yi, wasu na barci wani na tsaro. Mai tsaron nan duk bayan lokaci zai sauko ya rubuta a littafin tafiya, ƙarfe nawa, ina ake, iska na yaya, batir na nawa, inji ya yi awa nawa. Ya sauko a jiƙe da ruwan gishiri, kuma kujerun falo a teku su ne gadajen da suka fi daɗin barci don suna tsakiya inda jirgi bai cika jijjiga ba, saboda haka akwai mutum kwance a kansu. In babu kujerar duba hanya ina zai zauna? Ko ya ɗiga wa mai barci ruwa, ko ya jiƙa katifar da gishiri ba zai bari ta bushe ba, ko kuma, wanda shi ne ya fi faruwa, ya ce bari kawai sai anjima, littafin ya zauna babu rubutu. A lungun nasa kuwa yana da 'yar jar fitila da ba ta tada kowa kuma ba ta kashe masa ganin dare, wanda ido kan ɗauki minti 20 zuwa 30 kafin ya dawo da shi idan farin haske ya buge shi. Yana taku biyu daga matakala, yana jin muryar na waje, in an kira shi ya fita nan take. Ga jiri kuma, mai fama da tashin zuciya a teku ya san cewa minti biyar a ƙasa yana dube-dube a tsaye sun isa su gama da shi, amma idan jikinsa a tokare yake kansa bai cika kaɗawa ba yakan ɗan jure ya gama abin da ya kawo shi.

Game da sikirin ɗin da ke gaban sitiyari, yana da kyau ƙwarai wajen tuƙi na nan take, shiga tasha, kauce wa dutse, bin mashigi. Inda yake da rauni shi ne tsara tafiya. A watan Nuwamban 2014, a gasar kewaya duniya ta Volvo, jirgin Team Vestas Wind da ya taso daga Cape Town zai je Abu Dhabi ya hau kan duwatsun murjani na Cargados Carajos a Tekun Indiya, arewa maso gabas da Morishus, cikin dare yana gudun kusan mil 19 a awa. Ƙwararru tara ne a ciki, Allah ya sa babu wanda ya rasa ransa. Abin da bincike ya nuna shi ne a taswirar sikirin, idan ka ja baya kana kallon babban yanki, haɗarin bai fito fili ba, sai ka matso da hoton sosai sannan ka gan shi. To kar wani ya ce ai kujera ce za ta cece su, wannan jirgin yana da mazaunin duba hanya da na'urori na gani na faɗa. Darasin da ya shafe mu shi ne cewa bin hanya tun daga farko har ƙarshe ana matso da hoto ana duba kowane yanki aiki ne mai cin lokaci da ke son zama da natsuwa, ga littafin bayanin gaɓa a buɗe a gefe, ga jadawalin cikar teku da janyewarsa, ga hasashen yanayi, ga takardar da kake rubuta inda za ka fake idan abu ya canza. Idan su da ke da wurin zama abin ya kuɓuce musu, ina ga wanda zai yi shi a waje, rana na haska sikirin, yatsa a jiƙe, yana tuƙi yana hira. Dokar SOLAS ma, wato yarjejeniyar duniya ta kare rayuka a teku, a babi na biyar ta ɗora wa duk mai fita teku nauyin tsara tafiyarsa kafin ya tashi, har da jiragen shaƙatawa, ba ta ce sai a kan tebur kaza ba, amma aikin dai sai an yi shi a wani wuri.

Maganar lalacewar na'ura kuwa ba zan ja ta da nisa ba don kowa ya san ta. Doguwar sandar jirgi ita ce abu mafi tsawo a fili idan ana tsawa, aradu ɗaya na iya kashe duk abin da ke haɗe da waya. Batir na mutuwa, ruwan gishiri na shiga inda bai kamata ba, kuma 'yan shekarun nan ana yawan samun toshe siginar GPS ko rikita ta a tekun Baltik da Bahar Aswad da gabashin Bahar Rum da Bahar Maliya, har jirgi ya ga kansa a kan tudu a sikirin. Ba banza ba makarantar sojan ruwan Amurka ta dawo da koyar da gano hanya da taurari a 2015 bayan ta yi shekaru da ajiye shi. Gasar Golden Globe ma da aka farfaɗo da ita a 2018 da taswirar takarda da na'urar auna tsayin rana a sama ake kewaya duniya a jirage masu tsawon ƙafa 32 zuwa 36, kuma Kirsten Neuschäfer 'yar Afirka ta Kudu ta ci ta 2022 a haka. Sai dai a yi adalci, amsar masu cirewa a nan tana da ƙarfi, sukan ce wayoyi uku da kwamfutar hannu kowacce da GPS ɗinta da batirinta sun fi takarda ɗaya, kuma in ta kama dole a shimfiɗa taswira ai ga teburin cin abinci, ya ma fi girma. Gaskiya ne, a tasha ko a ruwa mai kwanciya teburin falo ya wadatar. A cikin hadari ne yake zama wani abu daban, yana tsakiyar fili ba abin jingina, fensir da rula suna gudu, kai ma kana binsu.

Wani abin da ke rikita muhawarar shi ne kowa na magana ne a kan kujerar jirginsa, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai cikakkiya mai kallon gaba, da mazauninta na kanta da jingina, wannan ita nake karewa. Akwai wadda kan gadon lungu ne kawai ake zama a kai, in wani na barci a gadon to ka zauna masa a ka, amma ita dama ba ta cin wani wuri na daban, cire ta ba riba. Akwai mai kallon baya da ake zama a ƙarshen kujerar falo ba jingina, akwai 'yar kujera mai lilo da ake turawa ƙarƙashin tebur, wadda a teku ba ta riƙe kowa. Akwai kuma teburin tsaye mai kallon gefe, wanda wasu tsofaffin matuƙa suka fi so ma, da ɗamara a ƙugu da ake maƙalawa, ƙasansa duk durowoyi. Idan kujerarka irin wadda babba ba ya iya shiga ce, ko gwiwa ba ta shiga ƙarƙashin tebur, ko kai na bugun silin, ko in jirgi ya kwanta ɗaya gefen sai ta zubar da kai tsakar falo, to wannan ado ce kawai, ba ta yin aikin da na lissafa a sama, kuma ba wanda zai yi kukan rashinta.

In an yanke shawarar cirewa, nan ma akwai ramuka. Kayan katakon cikin jirgi ba kamar kabad ɗin ɗaki ba ne da za ka ja gefe, a jirage da yawa an manne wasu allunan da jikin jirgin da zaren gilas don su ƙara masa ƙarfi, ka yanke wanda bai kamata ba sai jikin ya fara lanƙwasa a wurin. Bayan allunan nan kuma wayoyin jirgin gaba ɗaya suke haɗuwa, wani lokaci da bututun ruwa ko famfon da ke ratsa jikin jirgi, kuma duk abin da ka toshe da loka ranar gaggawa sai ka kwashe kaya kafin ka kai gare shi. Sai wani abu da ake yawan mantawa, kamfas ɗin lantarki da matuƙin atomatik ke aiki da shi ana girke shi ne ƙasa-ƙasa kusa da tsakiyar jirgi, sau da yawa a wannan yankin. Ka cika sabuwar lokarka da gwangwanaye da akwatin sifanu, ko ka sa firij mai kwamfireso a gefensa, sai ƙarfe da maganaɗisu su ja shi, jirgi ya riƙa bin fuskar da ba ita ba kana ta zargin na'ura. Masu ƙera su kan ce a nisanta ƙarfe da wajen mita guda. Nauyi ma abin dubawa ne, mutum yana zama ya tashi, amma kilo 100 na kaya a gefe guda zama yake dindindin, ƙaramin jirgi zai ɗan karkata, kuma wajen jera kayan a sa mai nauyi a ƙasa mara nauyi a sama.

Ƙofa da sakata kuwa kar a yi wasa da su. A gasar Fastnet ta 1979, jirage 303 suka fita, hadari ya same su tsakanin Ingila da Ailan, 'yan gasa 15 suka mutu, jirage da dama igiyar ruwa ta kwantar da su har sanda ta taɓa ruwa, wasu ta kifar da su gaba ɗaya, kuma cikin abin da aka koya har da yadda batura da kayan da ba a ɗaure ba suka riƙa tashi a cikin ɗaki suna raunata mutane. Duk lokar da za a yi, a yi ta da tunanin jirgi zai iya kwanciya a kan wancan gefen, sakata mai kamawa ba irin ta maganaɗisu ba. A bar mata hanyar iska kuma, don rufaffen wuri a jikin jirgi gumi yake yi, kafin ka ankara funfuna ta cinye kaya.

Abin dariya shi ne a daidai lokacin da ake cewa kujerar ta mutu sai ga ta ta samu sabon aiki. Tun da intanet irin na Starlink ya shiga jirage, masu zama a jirgi suna aiki daga nesa sun ƙaru, kuma wannan lungu shi ne kaɗai teburin da ba sai an kwashe kwamfuta ba duk lokacin da za a ci abinci. Takardun jirgi, fasfo, takardun kwastan da na inshora, cajar waya, duk nan suke taruwa. A wuri mai ƙunci da mutum biyu ko huɗu ke rayuwa a kan juna, samun kusurwar da mutum zai shige ya juya baya a ƙyale shi ba ƙaramin abu ba ne. Ranar sayarwa ma abin na iya tasowa, mai neman jirgin doguwar tafiya yakan leƙa lungun nan da wuri, in ya ga aikin kafinta na gida a wurin sai ya fara tambayar me kuma aka taɓa.

To wa ya kamata ya cire? Ni dai wanda jirginsa ƙarami ne, fitarsa ta yini ce ko kwana ɗaya a ruwan da ya sani kamar tafin hannunsa, yana kwana a tasha, ba ya tafiyar dare, kujerar kuma ta zama wurin jibge jakunkuna tun da ya sayi jirgin, wannan ya cire abinsa ba laifi, ya dai tabbatar rediyo na da makirfo na biyu a waje ko yana da na hannu, kuma allon wuta bai toshe ba. Wanda kuwa ke tafiyar dare, ko yana da niyyar ƙetare babban ruwa ko da sau ɗaya ne, ko su biyu ne kawai a jirgin, ya bar ta, ya nemi wuri a wani gun. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma kar mutum ya yanke hukunci yana ɗaure a tasha ruwa lumui, don a nan kujerar ba ta taɓa nuna babban amfaninta.

Kuma ba dole sai an zaɓi ɗaya an kashe ɗaya ba. Teburin ne ya rasa yawancin aikinsa, shi za a iya ragewa, a mayar da zurfinsa durowoyi marasa zurfi na kayan aiki, a gyara lokar ƙarƙashin kujera ta riƙa buɗewa ta gefe maimakon sai an ɗaga katifa, a rataya aljihunan yadi a bango. Wanda har yanzu zuciyarsa na kan cirewa, ya gwada tukuna ba tare da zarto ba, ya samo akwatunan roba ko jakunkuna daidai gurbin, ya cika su, ya ɗaure su da ɗamara da raga, ya yi kaka guda yana fita a haka har da ranakun da teku ba ta da daɗi. In ya ga yana ta sauke akwatunan don ya samu wurin zama, ya samu amsa. In kuma kakar ta wuce bai taɓa su ba sai a kira kafinta, a ce masa ya yi aikin da sukuru ba da gam ba, a naɗe tsohuwar kujerar da katifarta a ajiye a gida.